Nazare Mai Tsada a Kano: Me Kuɗin Yake Saya wa Yaro?

Ƙanwata ce ta kira ni bayan sallar isha'i, ta yi ƙasa da murya don kada maigidanta ya ji. Ɗansu na fari ya cika shekara uku, sun karɓo takardar kuɗin wata makarantar nazare da ta yi suna a gari, kwana biyu ke nan suna ja-in-ja a kanta. Ta ce, "Yaya, ke da kika gwada duka biyun, mai tsada da ta unguwa, ki faɗa mini tsakani da Allah, kuɗin nan yana biya kuwa?" Na ce ta bari in zauna in rubuta mata, domin amsar ta fi ƙarfin katin waya. Da na fara sai na ga ba ita kaɗai ke cikin wannan tsaka mai wuya ba.

'Ya'yana uku. Babbar ta yi shekara uku a wata makarantar kuɗi ta manya da ke wajen Nassarawa, alhali muna zaune a Rijiyar Zaki. Tana gama nazare a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, muka zauna da babansu muka yi lissafi, muka ga ba za mu iya maimaita wa ƙaninta ba. Shi sai muka sa shi a wata ƙaramar makarantar kuɗi da ke bayan layinmu, wadda da ƙafa ake zuwa. Auta bai kai shiga makaranta ba tukuna. Don haka abin da zan faɗa ba labarin ji-ta-ji-ta ba ne, na biya kuɗin, na yi sammakon, na kuma ga abin da ya fito.

Zan fara da ba wa mai tsadar haƙƙinta, domin akwai masu cewa duk yaudara ce, kuma ba haka ba ne. Ranar da na fara leƙa ajin 'yata, yara goma sha huɗu na ƙirga, da malama da mai taimaka mata. Kujerun daidai tsawon yaran. A gefe guda na ga 'yata a durƙushe kan wata 'yar darduma, an ba ta kofi biyu da shinkafa, tana juyewa daga wannan zuwa wancan, harshe a waje saboda tsabar mai da hankali. Da ta zubar, ba wanda ya daka mata tsawa, aka miƙa mata ɗan ƙaramin tsintsiya ta share da kanta. Banɗaki na yara ne, a wanke, da ruwa a famfo da sabulu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, fanka tana juyawa da wutar sola ko an ɗauke wuta. A ƙofa kuma ba a sakin yaro sai ga wanda ya nuna katin ɗauka. Duk wanda yake Kano a farkon 2022, lokacin da aka bankaɗo kisan wata yarinya 'yar shekara biyar kuma aka samu mai makarantarsu da hannu a ciki, har gwamnatin jiha ta janye takardun izinin makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su, ba zai ɗauki maganar ƙofa da wasa ba. Waɗannan abubuwa na gaske ne, kuma kuɗi ne ke samar da su.

Tambayar ita ce nawa daga cikin kuɗin da ake karɓa yake tafiya ga waɗannan, nawa kuma yake tafiya ga abin da idon iyaye kawai yake burgewa.

Mu yi lissafi da misali, tunda kuɗin makaranta kusan kowace shekara sai ya motsa. Mu ƙaddara mai tsadar ta ce naira 300,000 a zango, ta unguwa kuma ta ce 50,000. Bambancin 250,000 ke nan. Shekara tana da zango uku, nazare shekara uku ce, zango tara ke nan: naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu da hamsin, a kan yaro ɗaya, kafin ya shiga aji ɗaya na firamare. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, wato zango ɗaya a wannan misali ya haura albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci. Kuma abin da ke kan takarda ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin rajista da ba a mayarwa. Akwai yunifom kala biyu ko uku da kayan wasanni, kuma dole a wurinsu za a saya. Akwai littattafan da ake rubutu a cikinsu, waɗanda ƙani ba zai gada ba. Akwai ranar al'adu, ranar fita yawon buɗe ido, bikin ƙarshen shekara, da bikin yaye yaron da bai kai shekara shida ba, da rigarsa da hularsa da hoto. Sai kuma abin da ba wanda zai rubuta miki: ranar da wata yarinya ta yi bikin zagayowar ranar haihuwarta a aji aka raba wa kowa jaka da kayan zaƙi, taki za ta dawo tana tambayar yaushe ne nata. Kwandon abinci ma gasa ne. Na sha dafa abin da ban yi niyya ba don kada a dube ta.

Hanya ita ce kuɗin da muka fi rainawa a farko, ita ce kuma ta fi cin mu. Daga Rijiyar Zaki sai mu bi ta Kabuga, mu miƙe titin BUK, mu wuce Gadon Ƙaya da Ɗan Agundi, sannan mu tsallaka wajen Nassarawa. Idan aka yi rashin sa'a da cunkoso, ko aka yi ruwan safe da damina, tafiyar sai ta ninka. Ana idar da sallar asuba nake tashin yarinya 'yar shekara uku, in yi mata wanka tana gyangyaɗi, ta karya a mota, sau da yawa ta koma barci da burodi a hannu. Da hunturu kuwa abin tausayi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, da kuma aƙalla awa uku na motsa jiki da wasa. Tawa ba ta samun ko ɗaya daga ciki yadda ya kamata, domin idan ta dawo ta ɗan huta, Islamiyya na jiranta da la'asar. Ƙaninta kuwa sai bakwai saura yake tashi, ya ci kokonsa da ƙosai a zaune, mu taka tare minti bakwai. Ba a rubuta wannan a takardar sakamako, amma ni da nake ganin fuskokinsu da yamma na san bambancin.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato malama. A shekarun nazare yaro ba daga gini yake koyo ba, daga bakin babba yake koyo, wanda zai yi masa magana, ya saurare shi, ya amsa masa, ya lura da ranar da ya zo a takure. A makarantar mai tsada, cikin shekara uku 'yata ta yi malaman aji biyar. Wadda ta fi shaƙuwa da ita, wadda take kira Anti tun daga bakin ƙofa da gudu, ta tafi a tsakiyar zango na biyu ba sallama. Yarinyar ta yi sati biyu tana kuka da safe, har ta koma fitsarin kwance da ta riga ta daina. Bayan wata biyu na haɗu da malamar a Kantin Kwari, muka gaisa, na tambaye ta dalili. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Maman yara, albashina na zango gaba ɗaya bai kai kuɗin da kike biya wa yarinya ɗaya ba, kuma rabinsa a ɗan sahu yake ƙarewa." Na daɗe ina juya maganar nan. Ina biyan kuɗi mai yawa da zaton ina saya wa 'yata ƙwararriyar malama, ashe kaso mafi tsoka yana tafiya ga hayar gida a unguwar masu hali, da dizal, da fenti, da motar makaranta. Ba na cewa duk masu tsada haka suke. Akwai waɗanda suke riƙe malamansu da daraja, suna tura su horo, kuma za ki tarar da malama ta shekara takwas a aji ɗaya. Irin waɗannan su ne kuɗinsu yake da hujja. Amma tsada ita kaɗai ba ta nuna miki wace iri kika samu.

Makarantar ƙaninta gidan haya ce aka mayar makaranta, ɗakuna ƙanana, tsakar gida da lilo ɗaya. Yaran ajinsu sun kusa talatin, sun ɗan haura ma'aunin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta sa na malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. Malamarsu dattijuwa ce mai takardar NCE, ta haura shekara goma a wurin, ta koyar da yayyen rabin yaran. Wata rana na je ɗaukarsa da wuri za mu asibiti, na tarar ta ture bencina gefe ta shimfiɗa tabarma. Gaban kowane yaro akwai tulin marfin kwalbar lemo. Tana cewa, "Gizo ya samu gyaɗa biyar, Ƙoƙi ta karɓe biyu, saura nawa?" Yara suna ture marafe biyu gefe suna ƙirga sauran da yatsa, wani yana ihu uku, wani yana cewa huɗu, ita kuma ta matsa kusa da mai huɗun ta ce su sake ƙirgawa tare. Nawa bai ma ga shigowata ba. Abin da na gani a kan tabarmar nan shi ne dai abin da na gani a kan dardumar can: hannu yana taɓa abu, kai yana aiki, babba yana kusa. Kayan ne suka bambanta.

Ita ma ta unguwar tana da nata aibin, kuma ba zan rufe ba. Banɗakinsu sai da muka haɗu mu iyaye muka yi magana da babbar murya kafin a gyara shi a sa tanki. Da zafi ɗakin yana turara. Akwai wani malami a ajin gaba da yake yawo da tsumagiya, sai da na je wurin mai makarantar na ce ban yarda a taɓa mini yaro ba. Kuma suna da cutar da ta kama yawancin makarantun kuɗi, manya da ƙanana: ɗora wa ɗan shekara huɗu jinga shafi-shafi, ya rubuta ɗaya zuwa ɗari, hannunsa bai ma gama ƙwari ba. Mu iyaye ne muka jawo, domin idan ba mu ga littafi cike da rubutu ba sai mu ce ba a koyar da komai. Akwai kuma makarantun unguwa da ba su cancanci a kira su makaranta ba, shago ne aka zuba yara hamsin a ciki da yarinyar da ta gama sakandare jiya, ana rera haruffa da ƙarfi tun safe har azahar. Idan zaɓin da ke gabanki tsakanin irin wannan ne da mai tsada, to lissafin ya sauya. Amma a yawancin unguwannin Kano, daga Hotoro zuwa Ɗorayi, daga Kurna zuwa Na'ibawa, akwai na tsakiya idan aka yi haƙurin nema.

Masu tallan makarantu suna yawan cewa bincike ya tabbatar da amfanin karatun yara tun suna ƙanana. Gaskiya ne, amma ya kamata a san me binciken ya gwada. Wanda aka fi ambata shi ne shirin Perry da aka yi a jihar Mishigan ta Amurka daga 1962, da yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata. An raba su biyu, kashi ɗaya suka shiga shirin, ɗayan ba su shiga ba, aka bi rayuwarsu shekaru da dama. Waɗanda suka shiga sun fi gama sakandare, sun fi samun aiki, sun fi kauce wa gidan yari. Shi ne abin da masanin tattalin arziki James Heckman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya dogara da shi wajen cewa jarin da aka zuba a ƙuruciya yana da riba. To me aka yi wa yaran? Awa biyu da rabi kacal a rana, malama ɗaya ga yara biyar ko shida, sannan duk mako malama ta je gida ta zauna da uwa da ɗanta. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Jamaika a tsakiyar shekarun 1980: ma'aikatan lafiya na unguwa suna ziyartar gidajen yaran da rashin abinci ya tsumburar, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka tarar abin da yaran nan suke samu ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Babu na'urar sanyaya ɗaki a labarin nan, babu allo mai lantarki. Kuma duka biyun a kan yaran da suka taso cikin talauci da rashi aka yi su. Yaron da yake da uwa mai yi masa hira, da kaka mai tatsuniya, da yayye da 'yan uwa cike da tsakar gida, ya riga ya samu kaso mai yawa na abin da waɗancan shirye-shirye suka je bayarwa.

Haka ma sunan Montessori da ake liƙawa a allon ƙofa ana ƙara kuɗi saboda shi. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, kuma makarantarta ta farko da ta buɗe a birnin Rum a 1907 ta 'ya'yan leburori ce a unguwar marasa galihu. Tsarinta yana da alamomi da ake ganewa: yara masu shekara uku zuwa shida a aji ɗaya, kowa ya zaɓi aikin da zai yi daga kan kantar kayan aiki, ya daɗe a kansa ba a katse shi ba, malama tana zagayawa tana lura. Sunan ba mallakin kowa ba ne, duk wanda ya ga dama zai iya rubuta shi a bango. Idan kika shiga kika tarar da yara a jere suna fuskantar allo suna maimaita abin da malama ta faɗa, to suna kawai aka sayar miki.

Mu faɗa wa juna gaskiya, abin da yawancinmu muke saya shi ne Turanci. Muna so yaro ya buɗe baki a gaban baƙi a ce kai, wace makaranta yake? A nan mai tsadar ta cika alkawari. 'Yata tana shekara biyar tana Turanci da ya fi nawa daɗin ji, ta kuma iya haɗa sautin haruffa ta karanta gajerun kalmomi. Ƙaninta a wannan shekarun bai kama ƙafarta ba. Amma ga abin da ya biyo baya. Yanzu tana aji uku a wata firamare mai matsakaicin kuɗi, tare da yaran da suka fito daga nazare iri-iri. A aji ɗaya ita ce gaba da nisa. A aji biyu tazarar ta ragu. Yanzu waɗanda suke gogayya da ita a saman aji, biyu daga cikinsu daga makarantun unguwa suka zo, kuma abin da na lura ya haɗa su shi ne ana zama da su a gida a duba littafi. Fifikon da muka saya da kuɗi mai yawa na shekara biyu ne.

Akwai kuma abin da muka biya ba da kuɗi ba. A makarantar an hana yin Hausa, wanda ya yi sai a rubuta sunansa. Yarinya ta ɗauka harshen gidansu abin kunya ne. Wata Juma'a muka je gaida Hajiya, mahaifiyar babansu, a cikin gari, ta jawo ta jiki tana yi mata wasa irin na kaka da jika, tana ce mata kishiya, yarinyar ta amsa da Turanci ta zame. Hajiya ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan karatu da zai raba ni da jikata, a sassauta shi." Ban samu abin cewa ba. Shekaru da dama, har zuwa 2025, Manufar Ilimi ta Ƙasa tana cewa a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, kuma hikimar a fili take: yaron da ya fahimci abin da ake faɗa masa ya fi saurin gane cewa harafi sauti yake wakilta, ya fi iya tambaya, ya fi iya ba da labari mai kai da gindi. Hausar boko kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka tsani ce mai sauƙi zuwa karatu. Wanda ya iya karanta "kaka ta dafa tuwo" ya riga ya gane sirrin karatu, saura ya ɗora Turanci a kai. Ba ina cewa a bar Turanci ba, da shi za a rubuta jarrabawa har jami'a. Ina cewa makarantar da take hukunta ɗan shekara huɗu don ya ce "ruwa zan sha" ba ta san aikinta ba, ko nawa take karɓa.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ake mantawa da su idan ana wannan muhawara. Ɗaya ita ce makarantun da suka haɗa nazare da hadda, waɗanda suka yawaita a Kano. Suna rage wa iyaye zirga-zirga da biyan kuɗi wuri biyu, kuma wasunsu suna da kyau ƙwarai. Abin dubawa a nan shi ne tsawon yini: idan ɗan shekara uku zai zauna tun bakwai da rabi har la'asar, a tambaya yaushe yake wasa, a ina yake kwanciya. Ɗayar ita ce rabin aji a firamaren gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, daga baya aka sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. A Kano an ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, aka kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Matsalar da kowa ya sani ita ce cunkoso. Amma idan ta kusa da ku tana da malama tsayayya da aji mai numfashi, ba abin kunya ba ne, kuma ya fi shagon da na ambata nesa ba kusa ba.

Wani abu da ban hango ba sai da muka shiga: tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Makarantar mai tsada ba nazare kaɗai take sayarwa ba, tana da firamare, wata ma har sakandare. Idan yaro ya saba, ya yi abokai, cire shi yana da ciwo, gare shi da gare ku. Zango tara sai ya zama ashirin da bakwai. Idan kuma aka sa na fari, da wane baki za a ce wa na biyu shi ba za a sa shi ba? Mu Hausawa ba ɗa ɗaya muke haifa ba, kuma a gidan da yake da mata fiye da ɗaya maganar ta wuce ta kuɗi, ta zama ta adalci tsakanin ɗakuna. Ranar da muka gaya wa babbar cewa ba za ta koma ba, ta yi kukan da har yau nake jin sa. Da tun farko a matsakaiciya muka fara, da ba ta san wannan faɗuwar ba. Kuma kuɗi ya fi yin aiki a gaba. Marfin kwalba zai koya wa ɗan shekara huɗu ƙirga, amma ba zai maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararren malamin lissafi a sakandare ba. Mutane da yawa suna ƙarar da ƙarfinsu a nazare, lokacin da yaro ya isa inda tsada take da tasiri na gaske sai a tarar aljihu ya huje.

Duk da haka akwai waɗanda zan ce musu su biya, kuma kada su ji komai. Idan uwa da uba duk suna aiki har yamma, babu kaka ko wata amintacciya a gida, zaɓin kuma shi ne yaro ya yini gaban talabijin da 'yar aikin da ita ma yarinya ce, to makaranta mai ƙarancin yara da kulawa ta gaske ta cancanci kuɗinta. Idan yaro yana da sikila ko asma, yana buƙatar wurin da ake da ma'aikaciyar jinya, da ruwan sha a kusa, da malamar da za ta lura da shi tun kafin ciwo ya tashi, wannan ba ƙawa ba ce. Haka yaron da maganarsa ta yi jinkiri, ko wanda yake buƙatar kulawa ta musamman, aji mai yara talatin zai haɗiye shi, a nemi inda aka san aikin ko da tsada. Idan kuma Allah ya hore, kuɗin zango ba zai taɓa cefane ba, ba zai hana a kai mara lafiya asibiti ba, za a iya yi wa duk yaran gida iri ɗaya har su gama, makarantar kuma tana kusa, to bismillah. Wanda nake roƙo ya tsaya ya sake tunani shi ne mai shirin cin bashi, ko ɗaukar adashi tun kafin kwasarsa, ko wadda za ta sayar da 'yan kunnenta na gwal. Na ga yadda gida yake zama a makon da aka turo takardar tunatarwa, uba ya shigo fuska a ɗaure, uwa tana amsa yaro da tsawa. Yaro yana shan wannan iskar fiye da yadda yake shan darasi.

Ko wacce za a zaɓa, gani ya kori ji. Kada a je ranar da suka gayyata, an share an fesa turare. A je ranar aiki da misalin sha ɗaya na safe, lokacin da yara suka fara gajiya, malama ma haka. A fara da banɗaki kafin ofishin shugaba. A tsaya a bakin taga minti goma a saurara: muryar wa ake ji, ta malama kaɗai ko har da ta yara suna tambaya? Idan malama ta nufo yaro, yana ɗago kai da murmushi ko yana kare fuska da hannu? A tambaye ta ita kanta, ba mai makaranta ba, shekararta nawa a wurin da kuma abin da ta karanta. A nemi ganin takardar izini daga hukumar kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha. A tambaya wa ake ba wa yaro idan an tashi, kuma me ake yi idan baƙon fuska ya zo ɗauka. Sannan a tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi a yi hira da uwa biyu ko uku, su ne za su faɗi abin da ba ya cikin takardar talla. Idan makaranta ta hana a leƙa aji, ta riga ta ba da amsa.

Mu dai auta makarantar bayan layi zai je, wurin malamar tabarma, in Allah ya kai mu. Bambancin kuɗin mun raba shi uku: kaso mafi girma yana shiga asusun da muka buɗe don sakandarensu, kaɗan yana tafiya ga littattafan labarai na Hausa da na Turanci da nake karanta musu bayan magariba, sauran kuma na fita ne, wata Asabar Gidan Zu, wata Gidan Makama, ranar da babansu ya samu sarari su hau Dala su hango gari. Iyayen ajin kuma mun haɗa kuɗi mun sa fanka biyu da ƙaramar sola.

Ƙanwata tana zaune a Hotoro, mijinta ɗan kasuwa ne a Singa, samunsa yau da yawa gobe kaɗan, kuma tana da ciki na biyu. Na gaya mata ra'ayina kai tsaye, cewa a halinsu ban ga dalilin ɗaukar wannan kaya ba, amma na ce kada ta yanke da bakina. Mun yi da ita ranar Talata zan biya mata da ƙarfe goma da rabi, mu zaga makarantu uku, biyu a unguwarsu sannan mai tsadar a ƙarshe. Na ce ta gaya wa maigidan ya bar wa yaronsa shago na awa biyu ya zo a je da shi, ta kuma taho da ɗan, mu ga ajin da zai saki hannunta ya shiga.